Kama da Wane Ba Ta Wane: Tarken Kalmar "Fulanin Daji" da Zargi a Bakin Shinge

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi yadda ma'anar kalma guda ta gurɓace a bakin Hausawa, da abin da gurɓacewar ke jawo wa matafiyi idan aka tsai da shi a shingen bincike. An ɗauki ƙasar Karaye da Rogo don misali, watau ƙananan hukumomi biyu da aka haɗa a Masarautar Karaye cikin 2024. Yanki ne na noma da kiwo da ya yi iyaka da Jihohin Katsina da Kaduna, kuma satar shanu da sace mutane don fansa sun taɓa shi. Saboda haka tsoron mutanensa yana da dalili, binciken matafiya kuma ba abin ƙi ba ne. Abin tarke shi ne ma'aunin da ake zaɓen wanda za a bincika.

Asalin kalmar da juyawarta

A Hausar da, "Fulanin daji" kishiyar "Fulanin gida" ce. Ana nufin makiyayan da ke zaune a ruga, masu kawo nono da man shanu kasuwa, waɗanda manomi kan gayyata su zauna a gonarsa da rani don taki. Kalma ce ta bayyana mazauni da sana'a, ba ta ɗauke da hukunci.

Da ta'asar 'yan bindiga ta yi ƙamari a Zamfara da Katsina, sai kalmar ta bi matakai uku. Da farko akan ce "ɓarayin shanu, waɗanda ake zaton Fulani ne". Daga nan zaton ya faɗi, aka koma "ɓarayi Fulanin daji". A ƙarshe "ɓarayi" ma ta faɗi, har mutum kan ce "Fulanin daji sun shiga ƙauye kaza" kowa ya fahimci hari ake nufi. Ke nan sunan jama'a ya ɗauki aikin sunan laifi. Adabin baka kuwa ya riga ya share fage, domin labaran barkwanci sun daɗe suna nuna Bafillace baƙo ne a gari, wanda ake ganewa da sanda da malfa da karin harshe. Alamun da da ake dariya da su, su ne yanzu kan sa a ce wa mutum ya sauko daga mota, na kusa da shi kuwa a ce ya yi zamansa.

Lalle akwai Fulani cikin masu wannan ta'asa, kuma ɓoye haka ba adalci ba ne. Amma akwai bambanci tsakanin siffanta mutum guda da aka gani yana aikata laifi da siffanta jinsi gaba ɗaya. Na farko shaida ce, na biyu zato ne. Bugu da ƙari, makiyayi shi ne farkon wanda satar shanu ke talautawa, sai ga shi ya zama abin zargi kan laifin da aka yi masa.

Takobi mai kaifi biyu

Wanda ya ga wannan ma'auni bai shafe shi ba, sai ya dubi kudu. A Agustan 2019 jami'an Jihar Legas sun tsare mutum 123 'yan Jihar Jigawa da suka shiga birnin a babbar mota da baburansu, daga baya aka sake su. A watan Maris 2025 kuwa, 'yan banga a Uromi ta Jihar Edo sun tare motar wasu mafarauta da ke komawa Kano don Salla. Da aka ga bindigogin farauta sai aka ce masu sace mutane ne, taron jama'a ya kashe 16 daga cikinsu. A can, kamannin ɗan Arewa ya isa hujja. Hankalin da ke hukunta Bafillace a hanyar Rogo shi ne ya hukunta Bahaushe a Uromi.

Matsalar kuma ba ta Nijeriya ce kaɗai ba. A birnin New York na Amurka 'yan sanda sun yi tsayarwa da lalube fiye da sau 685,000 cikin 2011, mafi yawa kan baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka, kuma kusan tara cikin goma ba a same su da laifi ba. A 2013 kotu ta yanke cewa yadda ake yin aikin ya saɓa wa tsarin mulki.

Abin da doka ta ce

Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga, na 42 ya hana wariya saboda ƙabila. Sashe na 54 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya fito fili cewa launin fata, ko shekaru, ko irin aski da kitso, ko sutura, ko ɗaukar wata jama'a a matsayin masu yawan laifi, ba su zama dalilin zargi ba. Har ila yau, da Gwamnatin Tarayya ta haramta ƙungiyoyin daji a Janairun 2022, da kalmomin Hausa ta ambace su, "'yan bindiga" da "'yan ta'adda", kalmomin da ke nuni ga aiki, ba asali ba. A nan harshen doka ya fi harshen kasuwa tsabta.

Kammalawa

Hausawa na da karin magana biyu da ke ja-in-ja a wannan batu: "wake ɗaya shi ke ɓata gari" da "kama da wane ba ta wane". Na farko gargaɗi ne ga jama'a su tsawata wa nasu, ba izni ba ne a hukunta su duka. Na biyu shi ya dace da shinge. Nauyi yana kan masu fassarar labarai a rediyo su ambaci mai laifi da laifinsa, da malaman Hausa su koyar da kalmar da ma'anarta ta asali, da masana su fassara Sashe na 54 zuwa Hausa da Fulfulde don a karanta shi a kasuwanni da tashoshin mota. Makiyayin da ya san za a tsare shi don kamanninsa ba zai kai rahoton baƙuwar fuska da ya gani a daji ba, alhali kuwa shi ne yake fara ganinta.