Yadda Ake Kama Utarid a Kan Farar Takarda

Ranar Litinin 11 ga Nuwamba, 2019, da ƙarfe ɗaya da minti 35 na rana, wani ɗigo baƙi ƙirin ya shiga fuskar rana ta gefe guda ya kama tafiya a hankali. Har rana ta faɗi a Malisa da Gwandu da Kalgo bai kai ɗaya gefen ba. Jama'a na ta aikin kaka, haske bai ragu ba, gari bai yi duhu irin na husufi ba. Ɗigon nan Utarid ce, duniyar da ta fi kowace kusa da rana, wadda Turawa ke kira Makyuri, ta gitta tsakaninmu da ita. Ba mai ganinta sai wanda ya san ranar, ya san sa'ar, ya kuma horar da hannunsa tun da wuri.

Utarid kan bi ta tsakaninmu da rana kusan duk kwana 116, sai dai hanyarta a karkace take da digiri 7 daga tamu, don haka yawanci takan wuce ta sama ko ta ƙasa. Sau 13 ko 14 kacal a shekara ɗari take faɗawa daidai kan fuskar rana, kuma ko a watan Mayu ko a Nuwamba. Gittawar Zara matar wata ta fi wuyar samu: ta gitta a 2004 da 2012, ba za ta sake ba sai 2117. Wannan lissafi ne na falaki, ɗan'uwan lissafin lokutan salla, babu ruwansa da duba ko bugun ƙasa.

Gwani yana farawa ne da abin da ba zai taɓa yi ba: ba ya sa ido a madubin hangen nesa muddin bakinsa na fuskantar rana. Gilashin da ke tattaro hasken tauraro mai nisa, shi ne zai tattaro zafin rana ya zuba a ƙwayar ido, ya ƙone ta kafin mutum ya ƙifta. Baƙin tabarau ba ya karewa, haka gilashin da aka shafa wa hayaƙi, haka ruwa a kwano, haka hazon hunturu da ke sa rana ta yi kamar ta yi laushi. Shi ya sa masu wannan aiki suka juya lamarin: suna ba rana baya, su sa ta zana kanta a takarda.

Kayan aikin ba su da yawa. Ƙaramin madubin hangen nesa mai ƙara girman abu kamar sau 40, da ƙafa uku ta ɗora shi, da kwali biyu, da farar takarda marar layi, da fensir mai tsini, da agogon da aka daidaita. Kwali na farko ana huda shi a tsakiya a zura masa bakin madubin, ya zama laima mai jefa inuwa a baya. Na biyu ana manna masa takardar, bayan an zana mata da'ira mai faɗin santimita 20.

To yaya ake saita rana ba tare da an kalle ta ba? Nan ne abin ke burge ni. Gwani yana duban ƙasa ne, yana bin inuwar madubin. Idan inuwar ta yi tsawo, bai saitu ba. Sai ya riƙa juya shi kaɗan-kaɗan, sama da ƙasa, dama da hagu, inuwar na tsukewa, har ta dunƙule ta zama ƙaramar da'ira. A daidai wannan lokaci haske kan fito fau ta ƙaramin gilashin baya. Sai ya tare shi da takardar, kamar rabin mita daga gilashin, yana matso da ita yana ja baya har faifan ranar ya cika da'irar cif, sannan ya murza maɗaurin gilashin har bakin faifan ya yi kaifi. Duk dattijon da ya saba gane azahar da la'asar ta tsawon inuwa zai fahimci wannan dabara nan take.

Daga nan sai haƙuri, domin rana ba ta tsayawa. Cikin minti biyu takan matsa gwargwadon faɗinta, hoton ya zame daga da'irar. Gwani bai ɗauki wannan a matsayin cikas ba, amfani ma yake da shi: yakan saki hannu ya ga ta inda hoton ke fita, ya rubuta "yamma" a wannan gefe, ya san alƙiblar takardarsa ke nan. Bayan 'yan mintoci kuma yakan rufe bakin madubin ya huta, kada zafi ya fasa gilashin ko ya narkar da robar ciki. Idan akwai yara a wurin, ba ya matsawa ko taku ɗaya ya bar madubin a buɗe.

Ita Utarid ƙarama ce ainun. A Nuwamba, sai an jera irinta kusan 194 kafin a ratsa faɗin rana, kamar ƙwayar gero guda a tsakiyar faifai. A da'irar nan ta santimita 20, milimita ɗaya take. Ga kuma abubuwa uku masu kama da ita. Idan datti ne a takarda, da an motsa takardar zai bi ta. Idan ƙura ce a gilashi, za ta tsaya wuri ɗaya rana ta zame ta bar ta. Idan tabon rana ne, wato wuraren da zafinsu bai kai na kewaye ba, bakinsa a yage yake, da toka-toka a gefe, kuma zai wuni kusan inda yake. Utarid kuwa kewayayya ce sumul, baƙa wuluk, tana tafiya. Duk rubu'in awa gwani kan ɗiga mata fensir ya rubuta lokaci a gefe, har ɗigogin su jeru su zama layi. Pierre Gassendi, wanda ya fara ganin wannan gittawa a Faris a 1631, shi ma da farko tabo ya zata saboda ƙanƙantarta, tafiyarta ce ta tabbatar masa.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne Jeremiah Horrocks, saurayi ɗan kimanin shekara ashirin a wani ƙauyen Ingila mai suna Much Hoole. Ya bi jadawalin Kepler da lissafin hannu, ya gano Zara za ta gitta a 1639, abin da Kepler bai hango ba. Ya zana da'irarsa ya zauna jira, gajimare na rufewa yana buɗewa. Saura kusan rabin awa rana ta faɗi ya gan ta, ya auna ta sau uku. Da irin wannan awo, daga wurare masu nisa da juna, masana na 1761 da 1769 suka ƙiyasta nisan rana, wanda yau aka sani kusan kilomita miliyan 150 ne.

Ƙasarmu ba baƙuwar wannan ilimi ba ce. Da Clapperton ya je Sakkwato a 1824 ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello taswirar sama, ya tarar ya san burujai duka da taurari da dama da sunayensu na Larabci. Har yau akwai masu fita fili duban jinjirin wata ranar 29 ga Sha'aban, sun san inda za su tsaya da inda za su sa ido, wasu kuma na kishingiɗe a majalisa suna jiran waya ta kawo musu labari.

Utarid za ta sake gittawa ranar Asabar 13 ga Nuwamba, 2032, daga wajen ƙarfe 7:41 na safe zuwa jim kaɗan bayan sha biyun rana. Wannan karon za a gan ta daga farko har ƙarshe a ƙasar Gwandu. Malaman kimiyya na makarantun Malisa da Gwandu, da na jami'ar tarayya da ke Kalgo da ta kimiyya da fasaha da ke Aliero, ku nemi madubi ko guda ne, ku fara koya wa ɗalibai da tabon rana tun bana, domin hannun da bai saba ba ba zai kama ɗigon milimita ɗaya a ranar farko ba.