Masu Shuka Tumfafiyar Amurka

Duk wanda ya tashi a karkara ya san tumfafiya, mai farin ƙaro kamar madara, wadda ƙwallonta ke fashewa iska ta kwashe irinta da gashinsa mai laushin auduga. A Arewacin Amurka tana da 'yan uwa da masana ke kira Asclepias, kuma akwai masu lambun bayan gida da suka mai da renon su sana'a. Ina ganin girman waɗannan mutane ƙwarai.

Abin da ya sa suke wannan wahala shi ne wani malam-buɗe-littafi mai launin lemo da baƙi, wanda ake kira monak. Tsutsarsa ba ta cin kowane ganye sai na wannan tsiro, kuma dafin ganyen ne ke zama a jikinta ya sa tsuntsaye su ƙyamace ta. Idan sanyi ya gabato sai monak ya bar Kanada da Amurka ya nufi duwatsun Michoacán a Meziko, tafiyar da kan kai kilomita 4,000. Tun daga 1996, da aka fara shuka irin da ke jure maganin ciyawa, feshi ya yi ta share tsiron daga gonakin waken suya da masara. Masu lambu suka ce to, bari mu ba shi wuri a gida.

Gwanintar tana farawa ne daga iri. Ba a tsinke kwanson sai ya fara tsagewa, ƙwayoyin sun yi ruwan ƙasa. Sannan irin ba ya tsira da kyau sai ya sha sanyi, haka Allah ya tsara shi don kada ya fito gabanin hunturu ya mutu. Sai mai lambu ya naɗe shi a jiƙaƙƙiyar takarda, ya saka a leda, ya ajiye a firji kamar kwana 30. Wani kuma ya watsa shi a ƙasa a ƙarshen kaka, ya bar wa ƙanƙara aikin. Ba a binne shi da zurfi, ƙasa 'yar kaɗan ta isa.

Gwani kuma ya san halin kowane iri. Mai fure ruwan hoda yana son ƙasa mai danshi. Mai fure ruwan lemo yana son yashi da rana tsantsa, saiwarsa doguwa ce mai nutsewa, ba ta son dashe ko kaɗan, inda aka sa ta nan za ta zauna. Sau da yawa ba ya fure a shekarar farko, kuma yana makara wajen tohowa bayan hunturu, shi ya sa ake kafa masa ɗan tsinke don kada a sare shi da fartanya bisa kuskure.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne feshi. Kowane manomi idan ya ga tsutsa a ganyensa, hannunsa kan tafi ga magani. Wannan mai lambu kuwa haƙuri yake yi. Da safe sai ya durƙusa yana juya ganye ɗaya bayan ɗaya, yana neman ƙwan monak guda, ƙarami kamar kan allura, domin uwar ɗai-ɗai take ajiye su a bayan ganye. Idan tsutsotsin masu zanen fari da baƙi da rawaya suka cinye ganyen ƙarƙaf cikin mako biyu, sai ka ga yana kiran maƙwabta su zo su gani. Furen da ya tsira kuma ƙudan zuma su yi ta sintiri a kansa har faɗuwar rana.