Yatsu biyu, tsirkiya huɗu: hannun mai gurmi a kan jitar bas

A cikin kayan kiɗan da zamani ya kawo ƙasar Hausa, babu wanda kunne ya fi sha kuma ido ya fi mantawa da shi kamar jitar bas. In ƙungiya ta hau dandali, kallo yana komawa ga mawaƙi, sannan ga mai jitar da ke kuka a sama, sannan ga mai ganguna saboda yawan motsinsa. Mai bas yana can baya jikin lasifika, kai a sunkuye, kamar wanda aka ba ajiya. Alhali shi ke riƙe da ƙugun masu rawa. Ya ɗauke hannu na ƙiftawar ido, sai fili ya yi fayau kamar an yaye jinka. Da yake ba a kula da shi, ba a kuma cika tambayar da wane hannu yake kiɗa ba. Tambayar kuwa tana da nauyi ga saurayin Kance ko na Matamaye da ya samu bas ta aro yana son ya koya: hannun littafin Turawa zai ɗauka, ko hannun da ya taso yana gani a kan gurmi da garaya?

Sai an san abin kafin a san hannun da ya dace da shi. A shekarar 1951 ne kamfanin Leo Fender na Amurka ya fito da Precision Bass, wadda ta zama uwar yawancin waɗanda ake gani yau. Tsirkiyoyinta huɗu ne, mi, la, re, sol, tsawon kowacce daga inda take kwanciya a sama zuwa inda take kwanciya a ƙasa kimanin santimita 86. Mafi kaurinsu ta haura milimita biyu da rabi, kuma tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa ɗaya, wato dab da iyakar abin da kunnen mutum ke rarrabewa da kyau. Abu biyu ke biyo bayan wannan. Tsirkiyar tana da nauyi, ba ta motsi sai an sa mata nama. In kuma ta motsa, ba ta son yin shiru.

Littattafan koyarwa, da bidiyoyin da samari ke saukewa a waya, kusan bakinsu ɗaya. Babban yatsa ya zauna ya zama turke. Manuniya da yatsan tsakiya su riƙa karɓa-karɓa, ɗaya ya ja, ɗaya ya biyo, kowanne in ya ja tsirkiya ya faɗa a kan ta kusa da ita ya huta. Hannun hagu kuwa yatsa ɗaya ga kowace gaɓa ta wuyan jitar. A kunna na'urar ƙidayar bugu, a fara a hankali, a ƙara sauri kaɗan kaɗan. Wannan hanya babu abin zargi a cikinta. Tana raba wahala tsakanin yatsu biyu, tana sa sauti ya fito daidai wa daida, kuma wanda ya bi ta shekara guda zai yi kanta a inda ya kamata. Inda aka kauce shi ne mayar da ita farilla, har yaro ya ɗauka duk wanda bai yi karɓa-karɓa ba jahili ne.

Tarihin abin kansa bai yarda da haka ba. James Jamerson, wanda ya kaɗa bas a mafi yawan fitattun waƙoƙin kamfanin Motown na shekarun 1960, da manuniya kaɗai yake ja, har aka yi wa yatsan laƙabi da ƙugiya. Larry Graham ya shigo da dukan tsirkiya da gefen babban yatsa tun yana kiɗa da mahaifiyarsa ba su da mai ganga, yana neman abin da zai tsaya a madadinta. Masu bas na Kinshasa da yawa babban yatsa da manuniya suke haɗawa, ɗaya ya riƙe ƙasa, ɗaya ya yi tsalle a sama. Kowannensu ya ƙera hannunsa ne gwargwadon kiɗan da ke gabansa. Kamaru ta nuna iyakar inda wannan ke kaiwa: daga Jean Dikoto Mandengue zuwa Etienne Mbappé da Richard Bona, makosa ta yi wa bas harshe, har duniya ta san cewa akwai hannun Duwala.

To, ƙasar Hausa fa? Ba za a ce baƙuwa ce ga tsirkiya mai kaurin murya ba. Akwai komo, babbar garaya ta mafarauta da ƴan bori. A Tunis, masu stambeli, jikokin waɗanda aka kai can daga Barno da ƙasar Hausa, suna kaɗa gumbri mai tsirkiya uku da murya kamar ta cikin rijiya, kuma har yanzu ana tsintar kalmomin Hausa a waƙoƙinsu. Cikin jihar Damagaram kanta, Malam Mamman Barka, ɗan Tesker, malamin makaranta da ya yi suna da gurmi, ya tafi bakin tafkin Cadi a 2002 da tallafin UNESCO ya koyi biram a wurin Bukar Tar. Biram kuwa, mai siffar kwale-kwale da tsirkiya biyar, muryarta ƙasa take kwanciya, kuma duk wanda ya saurari faifan da ya fitar a 2009 tare da makaɗin ganga Umaru Adamu zai ji yadda ɗan gajeren zance guda, in aka yi ta juya shi, yake ɗaukar waƙa sukutum. Malam Barka ya rasu a 2018. A Mali, Bassekou Kouyate ya riga ya yi gwajin a fili: ƙungiyarsa Ngoni Ba ta sa babban ngoni a gurbin bas tun faifan Segu Blue na 2007.

Hannun irin waɗannan kayan ya sha bamban da na littafi. Mai molo ko gurmi yana sauke manuniya a kan tsirkiya daga sama, babban yatsa ya ɗauko wata a bayanta, wani lokaci farce ya taɓa fatar ƙoƙon ya ba da ɗan ƙwas. Motsin daga wuyan hannu yake fitowa, don haka bugu biyu da ke jere ba su taɓa zama nauyi ɗaya: ɗaya na da ƙarfi, ɗaya na raka shi. Wannan rashin daidaito da littafi ke ƙoƙarin gogewa, shi ne gishirin rawar. Kiɗan da ake takawa uku-uku a cikin huɗu, irin wanda ya cika filayen buki daga Maraɗi zuwa Magarya, in aka kaɗa shi da yatsu biyu masu nauyi ɗaya, lissafi yana cika amma ƙafa ba ta tashi.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Gurmi ƙoƙo ne da fata. Sautinsa yana mutuwa da kansa tun kafin yatsa ya dawo, saboda haka mai gurmi bai taɓa buƙatar koyon kashe sauti ba. Bas ƙarfe ce a kan katako mai nauyi, ga lantarki a bayanta. Wanda ya ɗauko hannun gurmi ya ɗora mata ba gyara, zai ga tsirkiyar da ya bari tana ta gunji a ƙarƙashin wadda yake kaɗawa, sautuka su cakuɗe su zama kunu. A nan rabin fasahar take, kuma nan ne aka fi sakaci. Kashe sauti aiki ne na hannu biyu: yatsun hagu su ɗaga kaɗan ba tare da sun bar tsirkiya ba, gefen tafin dama ko babban yatsa ya kwanta a kan waɗanda ba a so su yi magana. Mai koyo yana ƙirga yawan bugun da yake iya yi a minti. Da ya ƙirga tsawon shirun da yake iya sakawa tsakanin bugu biyu, da ya fi kusa da gurmi, ya kuma fi kusa da Jamerson.

Faifan ƙungiyoyin Nijar sun isa a auna wannan magana da su. Kiɗan zamani na ƙasar ya samu fili ne a zamanin Seyni Kunce, da samariya da bikin matasa na ƙasa wanda aka fara a Damagaram a 1976; gasar Ɗan Gurmu ta biyo a 1987, cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai a 1989. Daga wannan cibiya Mamar Kassey ta fito a 1995, ƙarƙashin Yakuba Mumuni da Abdallah Alhassane. A faifansu Denké-Denké na 1999, bas ɗin Haruna Abdu tana zaune tsakanin molo da kalangu da ƙwarya, kuma abin yabo shi ne ba ta yi musu sarauta ba. Tana shiga inda molo ya bari, tana gajarta numfashinta don kada ta binne ƙwarya. Hannu ne na mutumin da ya saurari maƙwabtansa kafin ya saurari kansa, kuma cikin faifan ƙungiyoyin ƙasar da wuya a nuna wanda ya fi shi dacewa da zama darasi.

Tal National, ƙungiyar Almeida, wata hanya ta bi. A Kaani na 2013 da Zoy Zoy na 2015 gudu ne tsantsa, bas tana bin jita ƙafa da ƙafa. Ƙarfin yatsun ba abin musu ba ne, domin mutane ne da suka saba kiɗan awa biyar a dare ɗaya a Yamai, kuma irin wannan juriya dandali ne kawai ke koyar da ita. Amma a wasu wurare gudun yana cinye shirun, bas ta zama inuwar jita maimakon ƙasar da jita za ta taka. Wanda ke rawa ba zai damu ba. Wanda ke zaune yana saurare zai so a bar masa ƙofa. Ga Mdou Moctar kuwa, a Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024, bas tana hannun Mikey Coltun, Ba'amurke, wanda ya zaɓi ya dafe gindin sauti ya bar jita ta yi haukanta. Haƙurinsa abin koyi ne. Duk da haka akwai ɗan ɗaci a ce ƙungiyar Nijar da ta zagaya duniya haka a waɗannan shekaru, muryarta ta ƙasa daga ƙetare aka samo ta. Laifin ba na Coltun ba ne.

A Kance matsalar ta fi haka tsanani, domin Kano ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba, kuma ta hanyar Ɗan Barto da Daura abin da ke shigowa kunne shi ne waƙar finafinai. Tun ƙarshen shekarun 1990 waƙar nan a kan fiyanon Yamaha aka gina ta. Mutum ɗaya ya danna maɓalli da hagu, na'ura ta fitar da bas da ganguna da kanta, ba gajiya, ba kuskure, ba kuma bambanci tsakanin bugun farko da na ɗari. Guy Nicolas, wanda ya yi nazarin kanton ɗin Kance a shekarun 1960, ya nuna yadda dukiya ke zagayawa ta hanyar buki da kyauta, makaɗa da maroƙa suna cikin masu cin rabonsu. Lissafin mai buki na yau a bayyane yake: lasifika biyu da janareta da yaro ɗaya mai waya sun fi ƙungiyar mutum bakwai araha. Kunnen da ya girma da bas ɗin na'ura kuwa yana iya ɗaukar daidaiton nan a matsayin ƙwarewa, ya ji hannun mutum mai nauyi da sauƙi kamar kuskure.

Ga kuma wahalar da littafi bai sani ba. Hunturu yana busar da katako, wuyan jita ya motsa, tsirkiya ko dai ta kwanta tana ƙara a kan ƙarafa ko ta yi nisa da su. Yaro ya yi ta matsawa da ƙarfi yana zaton yatsunsa ne ragwaye, alhali sandar ƙarfen da ke cikin wuyan ce ke son a ɗan juya ta. Daga nan ciwon wuyan hannu ke farawa, musamman ga mai rataye jita can ƙasa don burgewa. Ƙura da gumi suna kashe muryar tsirkiya, sabuwa kuwa sai an aika birni. Shi ya sa dabarar dafa tsofaffi a ruwan zafi, wadda masu bas na ko'ina suka sani, take da daraja a nan. Abin dariya shi ne Jamerson da gangan yake barin nasa su tsufa, don muryar da ke mutuwa da wuri yake so, irin ta gurmi.

Saura abu guda da bas ta Hausa ba ta taɓa sosai ba, wato harshe. Hausa tana da karin sama da na ƙasa da mai faɗowa, kuma kalangu yana magana ne domin hammata na matsa tsirkiyoyinsa, murya ta zame daga wannan mataki zuwa wancan ba tare da ta yanke ba. Ƙarafan da aka gitta a wuyan bas suna yanka wannan zamiya gunduwa-gunduwa. Jaco Pastorius ya cire su daga tasa, Bakithi Kumalo na Afirka ta Kudu ya kaɗa marar ƙarafa a faifan Graceland na 1986, aka ji bas tana lanƙwasa kamar maƙogwaro. Ko da ƙarafan suna nan, yatsan hagu na iya jan sauti ya gangaro da shi gaɓa biyu, ya ba da karin mai faɗowa. Mai koyo a Kance yana da malamin wannan a kusa: makaɗin kalangun mahauta ranar kasuwa. Ya zauna gefensa da bas ko ba a kunna ta ba, ya ɗauki kirari ɗaya, ya nemi inda kowace gaɓar kalma take a kan tsirkiyar la da ta re, ya yi ta maimaitawa har mahaucin da ake kiɗa wa ya waiwayo.