Tsohon Gilashi a Kan Sabuwar Kyamara: Nazarin Ɗaukar Hoto Daga Nesa a Filin Arfa

Hotunan ranar Arfa da suka fi zama a zukatan mutane, irin na alhaji a kan Dutsen Rahama ya ɗaga hannuwa hawaye na bin kumatunsa, galibinsu daga nesa aka ɗauke su, da dogon gilashin kyamara mai jawo nesa kusa. Shekaru da dama irin wannan gilashi ya fi ƙarfin aljihun ɗan jaridar da ke bin tawagar alhazan Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, shi ya sa hotunan da muke gani na mahajjatanmu kan fito ne daga manyan kamfanonin dillancin labarai, waɗanda ba ruwansu da ko wane ne a cikin hoton. Yanzu ƙofa ta buɗe ta wata hanya: a ɗauki tsohon gilashi na hannu, a ɗaura shi a kan kyamara marar madubi ta amfani da adafta. Ra'ayina shi ne, a cikin duk wuraren da za a iya gwada wannan dabara, Arfa na daga cikin waɗanda ta fi dacewa da su, domin yanayin wurin da yanayin ibadar ranar suna rufe mafi yawan aibin tsohon gilashi.

Dalilin da ya sa haɗin ke yiwuwa lissafi ne na tazara. Kyamarorin da aka saba da su a da suna da madubi tsakanin gilashi da farantin da ke karɓar haske, don haka dole aka bar wa madubin fili. A tsarin Canon EF, wanda ya fito a 1987, tazarar daga bakin kyamara zuwa farantin milimita 44 ce, a tsarin Nikon F na 1959 kuwa milimita 46.5. Da aka cire madubi, tun daga Panasonic G1 a 2008 zuwa Sony A7 a 2013 da Nikon Z da Canon R a 2018, sai tazarar ta ragu ƙwarai: 18 a Sony E, 20 a Canon RF, 16 a Nikon Z. Aikin adafta shi ne ya cike wannan giɓi kawai. Zobe ne mai rami, a mafi yawan lokuta babu gilashi a cikinsa, saboda haka ba ya rage wa hoto kyau. Wasu adaftocin, kamar FTZ na Nikon da MC-11 na Sigma da wanda Canon ke yi wa gilasansa, suna da wayoyin da ke isar da saƙo tsakanin gilashi da kyamara. Da ƙwararrun Turai da Amurka da Japan suka koma sabon tsari, sai tsofaffin gilasansu suka cika kasuwar kayan hannu, farashi ya sauko.

Me ya sa nesa ke da muhimmanci a Arfa? Gilashin milimita 400 a kan cikakken faranti, daga nisan mita 20, yana ɗaukar fili mai faɗin kusan mita 1.8, wato mutum guda daga ƙugu zuwa yatsun da ya ɗaga. Babbar kyamarar wayar hannu daga wannan nisa tana kwaso kusan mita 28, alhajin ya zama ɗigo a cikin fararen tufafi. Kafin mai waya ya sami irin hoton farko sai ya matso har ya tsaya a gaban mai addu'a, tazarar da ba ta kai taku biyu ba. Wannan shi ne amsar mai cewa ai waya ta wadatar. Ta wadatar wajen hoton tunawa a bakin tanti. Amma mutumin da ya sayar da gona ko ya yi shekaru yana adashen gata don ya tsaya a wannan fili na 'yan sa'o'i, daga zawali zuwa faɗuwar rana a ranar 9 ga Zulhijja, bai cancanci wani ya shiga tsakaninsa da alƙibla da waya a hannu ba.

Masu sukar adafta suna da hujja biyu, kuma duka gaskiya ne. Ta farko, gilashin da aka ɗaura ta adafta, musamman idan kamfaninsa daban ne da na kyamarar, yakan yi jinkiri wajen kama abin da ke motsi. Wasu ma ba sa saita kansu sam: adaftan FTZ ba ya juya tsofaffin gilasan Nikon masu dogara da injin cikin kyamara, sai dai a murza da hannu. Ta biyu, gilasai masu sauƙin kuɗi, irin su Canon 400mm f/5.6 na 1993 ko Nikon 200-500mm f/5.6 ko Sigma 150-600mm, ƙofar haskensu ba ta da faɗi. A filin ƙwallo da dare waɗannan aibobi biyu sun isa su kashe aiki. To amma Arfa tsayuwa ce. Bayan huɗubar Masallacin Namira da haɗa Azahar da La'asar, mutane ko dai suna zaune a tanti, ko suna tsaye a ƙarƙashin itatuwan darbejiya, ko sun kafe a kan duwatsu suna roƙon Allah. Wanda ba ya motsi ba ya buƙatar injin da ke bin gudu. Kyamara marar madubi tana ƙara girman abin da ake dubawa, tana kuma haska gefen abin da ya fito tangaram, sai a murza da hannu a tsanake. Haske kuwa, a Arfa ba ƙarancinsa ake kuka da shi ba, yawansa ne.

Yawan hasken nan ma wata fa'ida yake bayyanawa wadda ta shafe mu kai tsaye. Farin harami a tsakar rana yana ruɗar ma'aunin hasken kyamara, sai ta rage haske don kada farin ya ƙone, fuskar baƙin mutum kuma ta nutse cikin duhu. Mai tsohuwar kyamara ba ya ganin ɓarnar sai bayan ya danna. Marar madubi tana nuna hoton kamar yadda zai fito tun kafin a ɗauka, ko da wane irin gilashi aka ɗaura, don haka ana iya gyarawa har fuskar Bahaushe ta fito da kamanninta.

Akwai inda dabarar ke gazawa, kuma bai kamata a ɓoye ba. Da rana ta faɗi jama'a suka ɗunguma zuwa Muzdalifa, motsi da duhu sun haɗu, tsohon gilashi ya zama kaya. A nan gajeren gilashi mai faɗin ƙofa ne ke aiki. Zafi ma abokin gaba ne. A Hajjin 2024, da ranar Arfa ta faɗo 15 ga Yuni, zafin Makka ya haura digiri 50 a cikin kwanakin, hukumomin Saudiyya kuma suka sanar da mutuwar mutum fiye da 1,300. A irin wannan rana kawalwalniya tana tashi daga kwalta, duk abin da ke nesa sosai sai ya yi ta rawa a cikin hoto, kuma gilashin miliyoyin naira ma bai tsira daga wannan ba. Maganinta shi ne a rage nisa, a kuma jira bayan La'asar. Gilashin Nikon 200-500mm ya haura kilo 2, ɗaukarsa yini guda a cikin harami ba wasa ba ne, kuma dole a riƙe gilashin ne ba jikin kyamarar ba, don kada nauyi ya sassauta adafta. Ƙura da feshin ruwan da ake sanyaya filin da shi galibi suna samun farantin marar madubi a buɗe da zarar an cire gilashi, don haka a ɗaura tun a tantin Mina, kada a sake kwancewa.

Suka mafi nauyi ba ta fasaha ba ce. Mai dogon gilashi yana ganin wanda bai san ana kallonsa ba, kuma kukan mutum a gaban Ubangijinsa sirrinsa ne. A zamanin da Muhammad Sadik Bey na Masar ya ɗauki hotunan Makka da wuraren aikin Hajji a 1880, da waɗanda likitan Makka Sayyid Abdulgaffar ya ɗauka aka buga a Leiden a 1889, abin da kyamara ke iya kamawa a Arfa shi ne tantuna da raƙuma da taro, ba fuskar mutum guda a tsakiyar addu'arsa ba. Yau fuska ake kamawa, kuma arhar kayan aiki na nufin masu kamawar za su ƙaru. Ban ga cewa wannan ya rushe hujjar nesa ba, sai dai ya ɗora mata sharaɗi. Nesa tana kare ibadar alhaji a lokacin ɗauka. Kare mutuncinsa a lokacin wallafawa kuwa aikin mai kyamara ne. Idan fuska ta fito sarai, a jira ya shafa addu'a a nemi izininsa, balle idan mace ce. Idan ba a same shi ba, hannuwa da baya da inuwa sun isa su ba da labari. A kuma tuna cewa dogon gilashi yana matse tazara, yana sa taron da ke da sarari ya yi kama da turmutsitsi, kuma irin wannan hoto in ya isa gida ba tare da bayani ba yana tayar da hankalin iyalai a banza.

Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta Najeriya da hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi suna tafiya da 'yan jarida kowace shekara. Ya kamata su tanadi adafta mai kyau da gilashin milimita 400 na hannu ga duk tawagar da ta sami izinin ɗaukar hoto daga hukumomin Saudiyya, su kuma koya wa mai riƙe su ƙa'idar neman izinin alhaji kafin su damƙa masa kayan.