Kwalin Ashana Ashirin da Huɗu

Yaro bai san tsawon wata ba. Ka ce masa saura kwana ashirin Sallah, gobe da asuba shi zai tashe ka yana tambaya ko ta zo. Iyaye a Jamus ma sun sha irin wannan naci a kan Kirsimeti, sai dai su sun samo masa amsar da yaro zai gani da ido ya taɓa da hannu. Kalanda ce mai ƙofofi ko aljihu 24, ana buɗe ɗaya kowace safiya daga 1 ga Disamba har zuwa 24 ga wata, daren da Jamusawa ke raba kyaututtukansu. Makonnin jiran nan su Kiristoci ke kira Advent, kalmar da ta fito daga Latin, ma'anarta isowa.

Asalin abin talauci ne da dabara. A ƙarni na 19, a gidajen Furotesta, uwa kan ja layi 24 da alli a jikin ƙofa, kullum yaro ya goge ɗaya. A 1839 wani malamin coci a Hamburg, Johann Hinrich Wichern, wanda ke riƙon yaran talakawa, ya gaji da tambayarsu, ya ɗauko ƙafar amalanke ya jera mata kyandir: ƙanana jajaye na ranakun mako, manya farare huɗu na Lahadi. Daga baya aka yi Gerhard Lang, ɗan wani fasto, wanda ake ba da labarin mahaifiyarsa ta ɗinke masa ƙananan biskit 24 a jikin kwali yana yaro. Da ya girma ya shiga harkar ɗab'i a Munich, sai ya fara buga kalandar yana sayarwa a farkon shekarun 1900. Yau kantuna cike suke da mai cakulan, wadda inji ya buga dubbai iri ɗaya. Duk da haka gidaje da yawa har yanzu da hannu suke yin tasu, kuma ni a nan na ga gwaninta.

Ɗauki ta kwalin ashana, wadda ta fi burge ni. Tun watanni kafin lokaci mai aikin ke tara kwalaye, don sai sun zama 24 masu girma ɗaya, in ɗaya ya fi 'yan'uwansa tsawo ginin ya karkace. Abu na farko, ta zare 'yan durowar kwalayen duka daga kubensu ta ajiye gefe. Sabon shiga kan manta da wannan, ya shafa gam da durowa a ciki, gari ya waye ya tarar rabinsu sun manne, ko da wuƙa ba sa fita. Kuben kaɗai ake liƙawa, shida a jere hawa huɗu, ko uku a jere hawa takwas, a ɗora littafi mai nauyi a kai ya kwana. Wanda ya so dala mai tsini zai sha mamaki, domin in ka fara da ɗaya a sama kana ƙara ɗaya kowane hawa, 21 za ka samu ko 28, ba 24 ba. Sai an yi wa lissafin dabara.

Sannan hannun ja. Ta huda goshin kowace durowa da allura, ta zura zare ta ɗaura maɓalli a waje, ta ƙulle daga ciki ƙulli biyu, domin yatsun ɗan shekara huɗu ba su san a hankali ba. Takardar ado da za ta rufe goshin sai ta zama siririya. In ta yi kauri, durowa ta ƙi komawa kubenta. Wasu gwanayen kan zana hoto guda a bayan durowowin duka, yaro in ya cinye na yau ya juya durowar ya mayar, a hankali hoton na fitowa, ranar 24 ya cika. Lambobi kuwa da gangan ake hargitsa su, 7 kusa da 19, 2 can ƙasa a lungu, saboda neman lambar yau rabin daɗin ne.

Masu keken ɗinki sun fi son 'yan jakunkuna. Guntayen ƙyalle da suka rage, a ɗinka kamar tafin hannu, a sa zaren zuge a baki, a rataye a igiya daga ƙusa zuwa ƙusa. Masu nauyi kusa da ƙusa, marasa nauyi a tsakiya, in ba haka ba igiya ta yi ciki. Wannan kalanda ba ta da wuya, kuma takan yi shekaru ana fito da ita.

Amma almakashi da gam ba su ne babban aikin ba. Babban aikin shi ne abin da za a sa a ciki, da ranar da za a sa shi. Wadda ta iya ba ta zuba mafi kyau a makon farko, ta bar yaro da alewa ɗaya tilo har ƙarshe. Takan zauna da takarda ta tsara kwanakin kamar mai rabon gado. Ranar 6 ga wata ta Waliyyi Nikolas ce, ranar da yaran Jamus ke samun kayan zaƙi a takalmansu, don haka aljihunta kan ɗan fi. Ranar makaranta abu kaɗan, Asabar kuma wata 'yar takarda a naɗe: yau za mu gasa biskit tare, ko yau kai za ka zaɓi labarin dare. Wata kan rubuta tatsuniya ɗaya ta yanka ta gida 24, kowane yanki ya tsaya daidai inda rai ke son ci gaba. In yara biyu ne, wannan ya ɗauki ranakun mara, wancan na cika, sai ranar ƙarshe a sa biyu don kada a yi kuka. Kuma dole mai aikin ta san cewa za a leƙa. Babu yaron da bai taɓa latsa jakar gobe ya ji mene ne a ciki ba, shi ya sa tsofaffin hannu ke naɗe abin a takarda kafin su sa.

Masu bikin Kirsimeti a Jos ko Wusasa da ke son gwadawa ba su da abin saye sai gam. Kwalin ashana na kowane kicin, guntun atamfa na wurin kowane tela. Cakulan dai a bar wa masu dusar ƙanƙara, dabino da aya da soyayyar gyaɗa sun fi jure zafin ɗakinmu. A ɗaure su a leda saboda kiyashi, kuma a fara tara kwalaye tun yanzu, don ranar 30 ga Nuwamba da dare ya kamata a ce kalanda tana rataye.