Albasa da Cinyar Rago: Nazarin Salon Robert Farrar Capon

Rubutun da ke haɗa girki da faɗakarwa ta addini ya daɗe yana shan suka daga ɓangarori biyu, domin malaman tauhidi suna kallonsa a matsayin wasa da abu mai tsarki, masu sana'ar abinci kuwa suna ƙorafin cewa mai karatu zai kwana da yunwa kafin marubucin ya ɗora tukunya. Hukuncin farko bai cancanci dogon martani ba, ganin cewa Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, da ladubban cin abinci ya buɗe rubu'in al'adu na Ihya'u Ulumiddini, haka kuma dokokin da Benedikt ya tsara wa sufayen Kirista a ƙarni na 6 sun ƙayyade yawan abinci da karatun da za a saurara a lokacin cinsa. Sai dai waɗannan magabata mai ci suka sa wa ido, alhali salon da ake karewa a nan abin da ake ci shi ne abin lurarsa.

Fitaccen gwanin wannan salo shi ne Robert Farrar Capon, firist na cocin Episkofal, wato reshen Anglika na Amurka, wanda aka haifa a Niyok a 1925, ya shafe shekaru masu yawa yana jagorantar coci a Port Jefferson da ke tsibirin Long Island, ya yi wa jaridun New York Times da Newsday rubuce-rubuce kan abinci, sannan ya rasu a 2013. Littafinsa The Supper of the Lamb, wanda ya fito a 1969, ya ɗauko sunansa daga walimar Ɗan Rago da ke cikin Ru'ya ta Yohanna, amma ginshiƙinsa girki ne guda ɗaya tak: yadda za a ciyar da mutum takwas har sau huɗu da cinyar rago ɗaya.

Dabarar da ta riƙe littafin ita ce jinkiri, wato ɗage abin da aka yi wa mai karatu alkawarinsa domin a tilasta masa duban abin da ya saba tsallakewa. Da zarar ya jera kayan haɗi, sai Capon ya dakatar da aikin, ya umarci mai karatu da ya ɗauki albasa guda ya zauna da ita na kimanin awa ɗaya, ya fara da busasshen ɓawonta da ya fi takarda laushi, ya lura cewa tana da sama da ƙasa, wato tsiro da saiwa, sa'an nan ya tsaga ta a tsaye don ya ga cewa ba dunƙulallen ƙwallo ba ce, zube-zube ne da kowannensu ke miƙewa sama kamar harshen wuta. Daga nan sai a matse yanki ɗaya har ruwansa ya tsiyaye, a ga cewa kusan dukan ƙarfinta ruwa ne. Abin burgewa shi ne Capon ya ƙi mayar da albasar alamar wani darasi, ko da yake nan ne yawancin masu rubutun ƙarfafa zuciya suke zamewa, inda kowane burodi sai ya zama haƙuri, kowane gishiri ya zama gaskiya. A wurinsa albasa tana nan ne saboda Mahalicci yana son kasancewarta, don haka wanda ya dube ta da kyau ya riga ya shiga godiya tun kafin a ce masa ya gode. Mai sukar da ke cewa an ɓata masa lokaci ya faɗi gaskiya game da agogo, amma bai gane cewa lokacin da aka ɓatar shi ne darasin ba.

Wannan jinkirin ne ya haifi rabewar da ya yi tsakanin girkin ranakun yau da kullum, wanda ke miƙa ɗan nama da ragowar jiya ta hanyar miya da dabara, da girkin biki, wanda ke sakin hannu ba tare da lissafi ba, kuma a fili yake cewa na farkon ya fi soyuwa gare shi. A nan ne ma littafin ya fi kaifi, domin Capon ya tsani ƙidayar kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa, yana ganin ta mayar da ni'ima lamba, ya kuma fifita azumi a kanta. Mai ƙidaya yana ci kullum cikin zargin abincinsa, mai azumi kuwa ya bar abu mai kyau ne da saninsa, ya kuma dawo gare shi da cikakkiyar yunwa. Littattafan girki na addini da suka biyo baya sun gaji addu'ar bakin tebur da labaran iyali, amma kaɗan ne daga cikinsu suka yarda su gaji azumin.