Tambaya ɗaya, amsa ɗaya? Sharhi a kan wani kundin kacici-kacici da ake karantawa a Cadakori

1. Gabatarwa

A lokacin da muke aikin tattara kalmomin karin harshen Gobir a ƙasar Gidan Runji, mun tarar da wani ɗan kundi na tambaya da amsa a hannun malaman yaƙi da jahilci na Cadakori. Ba shi ɗauke da sunan mawallafi ko shekarar bugawa, amma an yi ta kwafarsa ana miƙa wa juna, har mun sake cin karo da shi a wajajen Agye da Gazawa. Ya ƙunshi tambayoyi a kan kimiyya, tarihi, kasuwanci, wasanni da asalin kalmomi, kowace da amsarta guda a ƙarƙashi. Malami yakan raba ɗalibai gida biyu a ƙarshen darasi, ya karanta tambaya, wanda ya faɗi abin da ke rubuce ya ci maki.

Mun ga ya cancanci a yi masa sharhi a wannan mujalla domin dalili biyu. Na farko, shi ne kusan abin da manya da dama suke fara karantawa da kansu bayan littafin baƙi da wasali, kuma wanda bai daɗe da koyon karatu ba yakan ɗauki abin da aka buga tamkar hukuncin alƙali. Na biyu, tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya sanya Hausa a matsayin harshen ƙasa, ana sa ran littattafai irin wannan za su yawaita. Gara a duba sawun na gaba kafin na baya su taka.

2. Abin da kundin ya yi daidai

Ba za mu hana shi yabon da ya cancanta ba. Jimlolinsa gajeru ne, mai koyo yana iya kai ƙarshensu ba tare da numfashinsa ya ɗauke ba. Rubutun kuma ya kiyaye baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, abin da takardun sanarwa da yawa ba su damu da shi ba. Sashen wasanni shi ya fi kowane inganci. Ya faɗi daidai cewa an fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, kuma Kantu na Maraɗi ne ya lashe ta. Cewa Isaka Dabore ya samo wa Nijar lambar tagulla a damben zamani a Munik a 1972. Cewa Alfaga ya samo ta azurfa a Riyo a 2016. Waɗannan tambayoyi ne da suke da amsa ɗaya, domin an yi abin a gaban shaidu, an kuma rubuta ranarsa. Mun ga dattijon da bai taɓa buɗe baki a aji ba ya miƙe tsaye da jin sunan Kantu. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

Matsalar ta faro ne daga inda mawallafin ya ɗauka cewa kowace tambaya irin wannan ce.

3. Asalin kalmomi

Nan ne kundin ya fi yin tuntuɓe, kuma nan ne ya fi shafar aikinmu. Za mu ɗauki misali uku.

Ya ce kalmar boko daga Ingilishi take, wato daga book. Wannan magana ta daɗe tana yawo har a littattafan masana, amma Paul Newman ya warware ta a 2013. Boko kalmar Hausa ce ta asali, mai ma'anar algus ko abin da ba na gaskiya ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko ga wadda ake sakawa a madadin amarya ta ainihi. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya riga ya kawo wannan ma'ana. Ta fuskar sauti ma hujjar ba ta tsaya ba, domin wasalin da ke cikin book Hausa takan mayar da shi u ne, kamar yadda cook ya zama kuku. Mutanen da suka daɗe da allo da ajami su ne suka kira karatun Nasara da sunan da ke nuna ba su yarda da shi ba. Malamin da ya koya wa manya cewa boko littafi ne kawai ya ɓoye musu tarihin wannan ƙin yarda, alhali kuwa shi ne abin da yake fama da shi kullum a ƙofar ajinsa.

Ya ce sunan Hausa ya samo asali daga hau sa, wai domin Bayajida ya shigo Daura a kan dabbar da mutane suka zaci sa ne. Labari ne mai daɗi, kuma yana da matsayinsa a adabin baka. Sai dai kamar da ke tsakanin sautuka ba ta isa hujja ba. Kalmar sa tana da dogon wasali da karin sauti mai faɗuwa, gaɓar ƙarshe ta Hausa kuwa a sama take tsayawa. Har yau masana ba su daidaita a kan asalin wannan suna ba, kuma tambayar da masana ba su yanke ba bai kamata a ba ta maki a aji ba.

Ya ce kasuwa da takarda Larabci ne. Wannan rabin gaskiya ne, kuma rabin da aka bari ya fi amfani. Greenberg ya nuna a 1960 cewa kasuwa ta biyo ta bakin Barebari ne: su suka ɗauki suƙ na Larabci suka ƙara masa ka a gaba irin na harshensu, ya zama kasugu, sannan ya iso gare mu. Takarda kuwa ta biyo ta harshen Buzaye, shi ya sa take ɗauke da ta a farko, alamar tamata a harshensu. Tushenta mai nisa ɗaya ne da na carte a Faransanci. Raƙumi ma daga harsunan Buzaye da danginsu yake, kamar yadda Kossmann ya bayyana a 2005. Da an faɗa wa mai koyo haka, da ya ga hanyoyin fatake guda biyu a cikin bakinsa, ta gabas daga Barno da ta arewa daga Azbin. Amsar kalma ɗaya ta shafe su duka.

4. Karin harshe da maki

Kundin an rubuta shi da daidaitacciyar Hausa, kuma ba mu ga laifin haka ba. Tun taron Bamako na 1966 ake ƙoƙarin a sami rubutu guda. Laifin shi ne amsoshin ba su bar wa karin harshen masu amsawa ƙofa ba. An tambayi launin da ke ƙasan tutar Nijar. Wata mata ta ce tsanwa, aka hana ta maki domin kore aka rubuta. An tambayi amfanin gonar da ya ɗaukaka kasuwancin Maraɗi a zamanin Faransawa. Wani ya ce gujiya, malami ya duba takarda ya ga gyaɗa, ya yi shiru yana shakka, domin a Kano gujiya wata aba ce dabam. Haka nan hatsi: a nan shi ne abin da Bakano ke kira gero, a can kuwa suna ne na tsaba gaba ɗaya. Wanda ya ce biyat maimakon biyar bai yi kuskuren lissafi ba.

Babban mutum da ya bar aikinsa ya zo ya zauna a kan tabarma don koyon karatu, in aka nuna masa a gaban ƴaƴan cikinsa cewa Hausar da ya tashi da ita ba amsa ba ce, da wuya ya dawo. Masu tsara shirin yaƙi da jahilci sun san yadda azuzuwa ke raguwa kafin a kai ƙarshen rani. Bai kamata littafinmu ya ƙara wa wannan gudu ba.

Sashen kasuwanci ya faɗa cikin rami makamancin wannan. Tambayar ita ce, mece ce dala? Amsar da aka rubuta: kuɗin Amurka. A kasuwar Cadakori kuwa dala tamma biyar ce ta sefa. Dala ashirin ita ce ɗari a lissafin takarda, dala ɗari biyu kuma jika guda, wato dubu. Wannan juyi tsakanin ƙidayar baki da adadin da ke rubuce a jikin kuɗi shi ne babban cikas na darasin lissafi a azuzuwan manya, kuma ga dama ta samu ta a bayyana shi, aka bar ta ta wuce. Tarihin kalmar ma yana da daɗin ji. Sunan kuɗin Amurka ya samo asali ne daga talar, kuɗin azurfa da aka fara bugawa wajen 1520 a wani kwari na ƙasar Cek ta yau. Irinsa ne na Mariya Tereza, wanda aka ci gaba da bugawa da shekarar 1780 a jikinsa, fatake suka kawo shi har kasuwannin ƙasar Hausa. Daga baya Hausawa suka kira babban ƙarfen tamma biyar dala a ɓangaren Faransa, suka kira na sule biyu dala a ɓangaren Ingila. Amsar kundin ba ƙarya ba ce, sai dai ita ce mafi nisa daga aljihun mai amsawa.

5. Tambayar da ba ta da shekara

Kundin bai sa shekara a tambayoyinsa ba, shi ya sa wasu amsoshinsa suka tsufa ba tare da ya sani ba. Ya ce duniyoyin da ke kewaya rana tara ne, alhali taron masana taurari na 2006 ya fitar da Fuluto daga jerin, suka zama takwas. Ya ce jihar Maraɗi gunduma shida gare ta, alhali tun 2011 an ƙara Gazawa da Bermo. Ɗaliban Gazawa suna karanta cewa garinsu na ƙarƙashin Agye, suna dariya. Ya ba da sunan tsohon taken ƙasa, wanda aka sauya a 2023.

A tarihi abin ya fi haka nauyi. An tambaya, ina ne babban birnin Gobir? Aka rubuta Alƙalawa. To, a wane zamani? Gobirawa sun zauna a Birnin Lalle, a ƙasar Dakoro ta yau, kafin su gangara kudu. Alƙalawa ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, inda Katsinawan da suka bar birninsu suka riga suka kafa tasu sarautar. Mutumin Cadakori da ya ce Tsibiri ya faɗi abin da ya sani da idonsa, a cikin gundumarsa, kuma bai yi kuskure ba. An hana shi maki ne domin mai tambaya bai san tambayarsa tana da amsa fiye da ɗaya ba.

6. Tsakanin wannan da kacici-kacicin gargajiya

Mawallafin ya ari sunan kacici-kacici, amma tsarinsa na gasar lakwal ne irin ta Faransanci, inda ake gwada saurin tuna abin da aka haddace. Na gargajiya wani abu ne dabam. Amsarsa tana cikin gida ko gona ko jikin mutum, mai hankali yana iya gano ta da tunani. In ya kasa, sai ya ba da gari a faɗa masa, kuma da ya ji amsar zai ga dacewarta da kansa. A cikin kundin kuwa amsa tana hannun mai takarda kaɗai. Ba a gano ta, ba a kuma iya musanta ta.

Tambaya ɗaya ce a sashen kimiyya ta kusanci wancan tsari: wane icce ne ke zubar da ganye da damina, ya yi tofo da rani? Kowa ya ce gawo, kuma gardama mai amfani ta ɓarke a kan dalilin da ya sa hatsi ke yin kyau a gindinsa. Manoma suka kawo batun ganyen da ke zama taki, da kashin dabbobin da ke fakewa a inuwarsa da rani, da rashin inuwar da za ta danne shuka da damina. A yankin da manoma suka farfaɗo da itatuwan gonakinsu tun daga shekarun 1980, musamman a wajajen Agye, wannan sani ne da suka fi mai tambaya. Ranar ce kaɗai muka ga ɗalibai sun nemi a rubuta amsarsu a allo don su kwafa.

7. Shawarwari

Ba mu ce a janye kundin ba, domin mutane suna son sa, kuma abin da ke sa babba ya buɗe littafi da kansa ba abin yarwa ba ne. Muna ba da shawarar a sake shi bisa waɗannan ƙa'idoji. Duk tambayar da amsarta ke iya sauyawa a sa mata shekara. Duk amsar da ke da wata kalma a karin Gobir, Katsina, Adar ko Damagaram a jera su duka, a kuma sanar da malami cewa kowace ta ci. A raba abin da aka tabbatar da abin da ake faɗa a baka. Labarin hau sa ya shiga ƙarƙashin kan magana na labaran kaka da kakanni, ba a ba shi maki. Kowace amsa a bi ta da jimla biyu ko uku na dalili, domin su ne ainihin abin karantawa. Sashen asalin kalmomi kuwa kada a buga shi sai masanin harshe ya duba, kuma mu ma sai mu yarda mu sauko da abin da muka sani cikin Hausar da malamin ƙauye zai iya karantawa, domin yawancinsa har yanzu a Faransanci da Ingilishi yake kwance. In mawallafin ya ga wannan sharhi, muna roƙonsa ya bayyana kansa, a haɗu a yi gyaran tare.